Giya ta biyu na fita a tsohon Yamaha 100, zan iya gyarawa a gida?

Ɗan Tudun Wada, Gusau:
Salamu alaikum jama'a. Ina da Yamaha YB100 na mahaifinmu Allah ya jiƙan shi, mai giya huɗu, injin lafiya lau bugu ɗaya yake tashi, matsalar ita ce in na sa ta biyu na murɗa mai sai ta fita ta koma firi, injin ya yi ta kuka a banza. Ta ɗaya da ta uku ba su yi. Yaran kanikawan yanzu Boxer da Jincheng kawai sunka sani, ni kuma ban son a lalata min shi. Zan iya buɗe shi da kaina? Ina da sifanu da sukundireba.

Oga Mai Sifana, Ƙaura Namoda:
Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya jiƙan Baba. Kar ka yi gaggawar raba injin tukuna. Tsiyaye man giya a kwano mai tsabta ka duba a rana, in ka ga ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli to ciki ya ci. In man fes yake, buɗe murfin dama wajen kulochi, bayan kulochin akwai wani ɗan hannu mai sifirin da ke danne gangar silekta, wato gangar da ke zaɓen giya, ta tsaya a giyar da ka sa, sifirin ɗin in ya mutu giya ba ta zama daidai, kuma wanga gyara bai buƙatar sauke inji.

In ba shi ba ne, to haƙoran gefe ne na giyar, waɗanda ke shiga ramin 'yar uwarta su kama. Bakinsu ya side ya yi kwana, shi ya sa da ƙarfi ya zo sai su ture juna. Galibi za ka iske cokalin da ke tura giyar shi ma ya lanƙwashe ko ya yi shuɗi don zafi. Nan kam sai an sauke inji an cire silinda da maganeto da kulochi an raba shi biyu.

Ɗan Tudun Wada, Gusau:
Na gode Oga. Na duba man, akwai ƙyalli-ƙyalli kaɗan wlh. Maganeton fa, da guduma ake fidda shi?

Oga Mai Sifana, Ƙaura Namoda:
A'a don Allah!! Ka aro fula, ƙarfen da ake zaro maganeto da shi, wajen bakanike, guduma lanƙwasa karanshaf take. Sukurorin murfin ma ka nemi sukundireba na bugawa, in ba haka ba kansu zai cinye ka rasa yadda za ka yi. Sannan mashin ɗin ga yana da faifai a gefen dama bayan kafireto, shi ke buɗe ma mai hanya, ka yi mai alama kafin ka zare don in ya koma a karkace ba zai tashi daidai ba.

Baban Khalifa, Talata Mafara:
Ni nawa walda anka yi ma haƙoran anka goge da giranda, yana tafiya har yau.

Malam Na Bakura:
Baban Khalifa ka yi sa'a ne, ƙarfen giya gasasshe ne, wutar walda na kashe taurin shi. Gara ya bi 'yan gwangwan ya nemi mataccen inji irin shi, ko ya sa masu sayar da kaya su tambayo mai a Nnewi, kuma giya biyun da ke kama juna tare ake canza su har da cokalin. Ɗana, duk abin da ka zare ɗauki hoto da waya, ka jera giyoyi da wosha a kan kwali yadda sunka fito, wosha ɗaya in ta sauya wuri sai ka sake rabawa. Sa sabon fakin da oyil sil. Kafin ka ɗaure gaba ɗaya juya shaf da hannu ka ga huɗun duk suna shiga. In ka maida famfon tu-ti, man da ke shafe fistan, ka fidda iskar da ke cikin tiyo, in ba haka ba fistan zai kama.

Ɗan Tudun Wada, Gusau:
Allah ya saka da alheri Baba. Asabar zan fara da murfin dama in ga sifirin ɗin, zan turo hoton abin da na iske.