Neman shawara: 4,294,967,297 tana rabuwa ko ba ta rabuwa?

Hauwa, Garwa:
Assalamu alaikum malamai. Ina shirin jarrabawar bak, ta kammala sakandare, an ba mu 2³² + 1, wato 4,294,967,297, aka ce mu faɗi ko tana cikin lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, abin da muke ce wa nombre premier a aji. Na gwada tun daga 3 har 97, kowacce sai ta bar saura. In rubuta cewa ba ta rabuwa?

Malam Bakari, Marwa:
Wa alaikis salam 'yata. Kada ki rubuta. Kafin gwaji ya zama hujja sai kin kai 65,536, domin ita ce in an ninka ta da kanta take ba da 2³². Lambobi marasa rabuwa a ƙasa da nan guda 6,542 ne, kin ga 97 ko bakin ƙofa ba ta kai ba. Masanin lissafi Fermat ma a 1640 ya ɗauka duk lambobi irin 2¹ + 1, 2² + 1, 2⁴ + 1, 2⁸ + 1, 2¹⁶ + 1, 2³² + 1 da na gaba ba sa rabuwa, tun da 3, 5, 17, 257 da 65,537 haka suke. Wani masanin, Euler, shi ne a 1732 ya nuna ta shida, wato taki, ta rabu: 641 × 6,700,417.

Hauwa, Garwa:
To Malam, ta yaya zan kai ga 641 a takarda?

Malama Zara, Njamena:
Ƙanwata, akwai gajeriyar hanya. Masanin lissafi Lucas ya tabbatar cewa duk mai raba wannan lamba dole ta zama 128 sau wani abu, a ƙara 1. Jera su: 129, 257, 385, 513, 641. Cire 129, 385 da 513, su ma rabuwa suke yi. 257 ba ta shiga. Saura 641.

Hujjar da za ki rubuta: 641 = 5 × 2⁷ + 1, kuma 641 = 5⁴ + 2⁴. A lissafin saura bayan rabawa da 641, na farko ya ce 5 × 2⁷ daidai take da −1, don haka in an ninka kowane gefe da kansa har sau huɗu, 5⁴ × 2²⁸ daidai take da 1. Na biyu ya ce 5⁴ daidai take da −2⁴. Sa shi a gurbinsa, −2³² ta zama 1, ke nan 2³² + 1 ba ta barin saura. Wajen alamar ragi nan ɗalibai suka fi zamewa, ki kula da ita.

Malam Umaru, Ngaundare:
Rabe-rabenta: mara ce, masu raba ta huɗu ne kacal, domin 641 da 6,700,417 duka ba sa rabuwa. In kin haɗa ƙananan ukun za ki sami 6,701,059, ƙasa da ita nesa, don haka tana sahun masu gibi, wato lambobin da jimlar ƙananan masu raba su ba ta kai su ba.

A kiyayi gwajin Fermat (wato a duba ko aⁿ⁻¹ na barin saura 1 in an raba da lambar n) da a = 2, wannan lamba tana tsallake shi kamar ba ta rabuwa. Da 3 ake kama ta. Ƙaramar kalkuleta mai gurbi takwas kuma ba ta ɗaukar ta, gurbi goma take ci.