Mota na ɗaukar zafi a bazarar Sakkwato: me mai ita zai iya dubawa a ƙofar gida?

Malamin makaranta, Arkilla:
Assalamu alaikum. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, da wuya ka bi titi da rana ba ka ga mota a gefe an ɗaga bonet ana jira ta huce ba. In an kai gareji kuwa magana ɗaya ce: a cire tamostat (abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in injin ya yi zafi), a haɗa fanka kai tsaye, a sayo lagireto dabul sel (mai layin bututu biyu). Masu sana'a da direbobi, don Allah ku faɗa mana abin da hannunku ya saba da shi. Me mai mota zai duba da kansa, kuma a ina ya kamata ya tsaya ya kira gwani?

Bakanike, Buzaye:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a ɗauki sifana, a fara sanin lokacin da allurar zafin injin ke hawa, don rabin aikin yana nan.

Idan a cunkoso take hawa, ko an tsaya injin na aiki, amma da an hau titi an ba ta wuta sai allurar ta sauko, matsalar iska ce. Ko dai fanka ba ta tashi, ko tana juyi ba ƙarfi. Idan kuwa cikin gari lafiya lau, sai an miƙi hanyar Tambuwal da lodi ana gudun 100 sannan ta hau, a ƙyale fanka, ba ta da laifi. A wannan gudun iskar hanya ta fi ta kowace fanka. A nemi abin da ke hana ruwa zagayawa: lagireto ya toshe, tamostat ba ya buɗewa duka, ko famfon ruwa ya gaji. Wadda ke hawa ko'ina kuma ko da yaushe, yawanci ruwan ne ya ragu.

Dubawa da safe ake yi, injin na da sanyi. Buɗe murfin lagireton kansa, ruwa ya kasance har wuya. Kada ka dogara da robar ajiya da ke gefe, don takan cika taf alhali lagireto ya yi ƙasa, in murfi ya lalace ko siririn tiyon da ya haɗa su ya tsage. Sai ka bi bakin kowane tiyo da ido, da wurin da robar saman lagireto ta haɗu da alminiyon. Ruwan da ke tsattsafowa a kan injin mai zafi ba ya ɗiga ƙasa, bushewa yake, ya bar fari-farin gishiri ko jan tabo. Wannan tabon ake nema. A shimfiɗa kwali ƙarƙashin motar ta kwana a kai. In ruwa ne garai ta gefen fasinja bayan an yi amfani da esi, ba yoyo ba ne, na esin ne.

Sai murfin, wanda mutane suka raina. A kansa an buga 0.9 ko 1.1. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, amma in murfi ya riƙe masa wannan matsin sai ya kai kusan 120 bai tafasa ba. Juya shi ka dubi robar. In ta tsattsage ko ta bushe, ko sifirin ɗin ya saki, ruwa zai riƙa tafasa da wuri yana amai ta robar ajiya. A sayi mai lamba ɗaya da na asali. Wanda ya fi shi matsi yana iya fasa tsohon lagireto.

Mai wayarin, Mabera:
Oga ya raba gardama. Bari in ɗauki ɓangaren fanka.

Tada injin, kunna esi. A yawancin motoci fanka kan tashi nan take. In ba esi, bar ta a tsaye har allura ta kai tsakiya, don fanka ba ta tashi sai ruwa ya kai wajen digiri 95 zuwa 100, ta yi ɗan juyi ta tsaya. Wannan tashi da tsayawar shi ne lafiyarta, ba cuta ba ce.

In ba ta motsa ba, buɗe akwatin fiyus da ke kusa da batir. A bayan murfinsa akwai taswirar wurin kowane ɗaya. Zaro fiyus ɗin fanka ka daga shi a haske. In ya ƙone, mai da mai lambarsa, kada a nannaɗa masa waya, wannan ne ke cinna wa mota wuta. Wanda ya sake ƙonewa nan take yana gaya maka injin lantarkin da ke juya fankar ne ke jan wuta fiye da kima, ko kuma waya ta goge tana taɓa ƙarfe. In fiyus lafiya, sai rile, ɗan akwatin da ke sakar wa fanka wuta. Sau da yawa na hon da na fanka lambarsu ɗaya, ka musanya su ka gani. In har yanzu shiru, cire soket ɗin fankar ka ba ta wuta daga batir da wayoyi biyu. Ta juya da ƙarfi, laifin na sensa ne ko waya. Ba ta juya ba, ko sai an ƙwanƙwasa ta da gindin sukudireba take tashi, kabon ɗinta ya cinye.

Akwai wanda ke ɓata wa mutane lokaci ƙwarai: an canza fanka an juya wayoyin, tana juyi da baya, tana tura iskar injin waje maimakon ta jawo ta waje. Sa takarda a gaban mota, ta jikin raga. Ya kamata fanka ta tsotse ta ta manne. In ture ta take yi, a juya waya.

Kuma duk mai sa hannu kusa da fanka ya fara kwance kan batir na baƙar waya da sifana 10. Ta Golf da wasu motocin Turai tana tashi ko an zare makulli.

Baba Direba, layin Illela:
Ku saurara ɗiyana. Ni ban yarda a zagi mai hidda tamostat gaba ɗai ba. Motocin da muke lodi da su tsohhi na, abin da anka sa musu tun Turai shi ag ga ciki. In ya maƙale tsakanin Kware da Gwadabawa da hwasinja cikin mota, mi za ka yi? Hidda shi za ka yi ka kai mutane gida. Kuma gane shi ba wuya: allura ta hau, tiyon lagireto guda ya yi zahi ba ka iya riƙe shi, gudan kuwa da sanyinai. To ruwa ba ya wucewa ke nan.

Abin da nike hwaɗa ma yara direbobi: in allura ta kusa ja, kashe esi, kunna hita har ƙarshe in ba a toshe ta ba, nemi inuwa ka tsaya. Kada ka taɓa murhi sai bayan rabin awa ko hiye, ka sa tsumma mai kauri, ka juya kaɗan iska ta hita tukuna. Kada ka kwara ruwan sanyi cikin injin mai zahi, tof, wato kan injin, na tsagewa. Wani abu kuma: in allura ta hau sannan ta hwaɗi da kanta kana cikin gudu, kada ka yi murna. Ruwan na ya ƙare, sensa ba ta cikin ruwa.

Injiniya, Gawon Nama:
Baba, Allah ya ƙara girma, a kan hanya gaskiyarka ce. Inda ake cutar mota shi ne a dawo gida a bar ta haka shekara da shekaru.

An ƙera injin ya yi aiki a wajen digiri 90. Tamostat na yawancin Toyota yana fara buɗewa a 82, lambar na buge a jikinsa. In an cire shi, da safiyar hunturu a Disamba da Janairu injin ba ya kai zafinsa, kwamfutar mota na ganin har yanzu da sanyi, sai ta yi ta ƙara fetur. Mai ya tafi, fulogi ya yi baƙi, ragowar fetur ya wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai. Ga wani abin da ba a cika faɗa ba: a injuna da yawa tamostat na da faifai na biyu a gindinsa, wanda ke rufe wata gajeriyar hanya idan ya buɗe. In babu shi, wannan hanyar na nan a buɗe, wani ruwan sai ya yi ta kewaya cikin injin bai je lagireto ba. Shi ya sa za ka ga motar da aka cire wa tamostat tana ɗaukar zafi a doguwar tafiya.

Gwada shi a gida ba wuya. Ɗaura masa zare, rataya shi cikin tukunyar ruwa kada ya taɓa gindinta, a ɗora a wuta. Kafin ruwan ya tafasa ya kamata ya fara buɗewa, in ya tafasa ya buɗe kusan santimita ɗaya, in ya huce ya koma ya rufe ruf. Wanda ya kasa ɗaya daga ciki a sauya shi. Wajen mayarwa, ɗan ƙaramin ramin da ke gefen faifansa ya kalli sama, ta nan iska ke fita.

Mai sayar da kayan gyara:
Hajiya Injiniya ta yi bayani. Ni abin da ke damuna ruwan da ake ɗurawa ne. Ƙasarmu ta farar ƙasa ce, shi ya sa ake siminti a Kalambaina. Mai amfani da ruwan rijiya ko na burtsatse ya leƙa cikin butar shayin gidansu, farin dattin da ya daskare a ciki shi ke daskarewa cikin siraran bututun lagireto. Ruwa zalla kuma na kawo tsatsa, yana cinye fukafukan famfon ruwa.

Corolla ko Camry mai silinda huɗu na shan wajen lita 5 da rabi zuwa 7. Kulan, wato ruwan sanyaya injin na galan, mai kaurinsa ana haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, amma a tabbata ruwa ne ba asid ba. Mai ruwan hoda na Toyota a haɗe yake zuwa, ba a ƙara masa komai. Kada a gauraya iri biyu. Kuma a karanta jikin galan, don akwai na banza a kasuwa da ba komai ba ne sai ruwa da kala.

Masu zuba garin kwaki, ƙwai ko garin taba don toshe yoyo, ku ji tsoron Allah. Ramin zai toshe, bututun lagireto da na hita su ma su toshe. Robar saman lagireto in ta tsage gam ba ya riƙe ta, zafi da matsi za su ɓalle shi. Dabul sel kuma ba laifi ba ne ga motar lodi, amma ba ya gyara fankar da ta mutu.

Tsohon kulan guba ne, ga shi da zaƙi-zaƙi. Kada a bar shi a kwano a tsakar gida inda yara da awaki ke yawo.

Mai wankin mota, Runjin Sambo:
Kowa ya manta da ƙura. Bayan hunturu, haska fitila tsakanin kwandensar esi da lagireto, za ka tarar da ƙura da ganyen dogonyaro da leda sun yi dam. A wanke daga ɓangaren injin zuwa waje, da tiyon famfo, injin a sanyaye. Injin feshi mai ƙarfi yana kwantar da siraran haƙoran, iska ta daina wucewa.

Malamin makaranta, Arkilla:
Madalla, Allah ya saka. Oga Bakanike, saura famfon ruwa da gasket, shimfiɗar da ke tsakanin tof da jikin injin. Ta yaya mutum zai san gasket ya ƙone kafin a ce masa a buɗe injin?

Bakanike, Buzaye:
Famfo tukuna. Injin a kashe, kama fulinsa ka girgiza. In yana rawa, boris ya tafi. A ƙasansa akwai ɗan rami, in ka ga tabon ruwa ya biyo ta nan, sil ya mutu. Danna fambel da babban yatsa a tsakiya, kada ya lotsa fiye da santimita ɗaya, kada kuma cikinsa ya yi santsi ko ya tsattsage.

Gasket kuwa, da safe cika lagireto har wuya, bar murfi a buɗe, tada injin. Kumfa ɗaya-biyu iska ce kawai. Amma in tana ta ɓulɓulowa ba tsayawa, tana ƙaruwa in an taka totur, hayaƙin silinda ne ke shiga ruwa. Ko ka rufe murfin ka tada, ka matsa tiyon sama: in ya yi tauri cikin minti ɗaya ko biyu tun injin bai ɗumama ba, alamar ɗaya ce. Zaro gejin mai, duba bayan murfin mai, in ya koma launin shayi mai madara ruwa ya shiga. Farin hayaƙi mai yawa daga salansa bayan injin ya yi zafi, da karkarwa da sassafe, da fulogi ɗaya da ya fito fes sauran na da datti, duk shaidu ne. Sau da yawa mai na nan garau amma gasket ya tafi, don haka kada tsabtar mai ta ruɗe ka. Mai mota otomatik ya duba man giya ma, don yana bi ta cikin lagireto, in bututun ya fashe sai su gauraye.

Nan ne aikin gida ya ƙare. Amma mai mota ya tsaya a kan abu uku: a kai tof a auna shi da ƙarfen awo, in ya lanƙwashe a goge shi, a ɗaure kusoshi da sifanar awo bi da bi daga tsakiya zuwa waje, ba da ƙarfin damtse ba, a gano abin da ya jawo zafin tun farko, in ba haka ba sabon gasket ɗin ma zai bi na da. Masu Camry 2.4 ta 2002 zuwa 2006 su sa a duba zaren ramukan kusoshin baya, an san injin da sakinsu.

Injiniya, Gawon Nama:
Ƙarin da ya shafi duk wanda ya zubar da ruwa ya sake cikawa: a fitar da iska. Faka motar gabanta ya ɗan yi sama, mai da hita wajen zafi, zuba ruwan a hankali, bar murfi a buɗe injin na aiki, kana matsa tiyon sama. In tamostat ya buɗe za ka ga ruwan ya faɗa, ka ƙara. Jira fanka ta tashi ta tsaya sau biyu sannan ka rufe. Peugeot 406 na da ƙananan kusoshin fitar da iska, a sassauta su har ruwa ya fito ba kumfa. Washegari da safe a sake dubawa, yawanci yakan nemi ƙari kaɗan, sannan a cika robar ajiya zuwa layin sama, kada a wuce shi.