Yahaya ya ce shi ba Iliya ba ne, Yesu kuwa ya ce shi ne

Bitrus: Salama gare ku, 'yan'uwa. A Yohanna 1:21 firistoci da Lawiyawa sun tambayi Yahaya Maibaftisma ko shi ne Annabi Iliya, ya ce a'a. A Matiyu 11:14 kuma Yesu ya ce Yahaya ne Iliyan da ake jira. In ana koya wa matasa, ta ina za a ɓullo wa wannan?

Malam Istifanus: Ɗan'uwa Bitrus, kada ka fara da ayoyin nan biyu, nan ne ruɗanin yake shigowa. Fara da 2 Sarakuna 2:11, inda aka ɗauke Iliya zuwa sama cikin guguwa, bai mutu ba. Sai Malakai 4:5-6, alkawarin aiko shi kafin babbar ranar Ubangiji. Saboda haka masu tambayar nan Iliya mutumin Tishbe suke nufi, shi kansa ya dawo da jikinsa. Amsar Yahaya daidai take. Daga nan ka buɗe Luka 1:17, inda Jibra'ilu ya gaya wa Zakariya mahaifin Yahaya cewa yaron zai zo da ruhu da iko irin na Iliya. Aikin ne iri ɗaya, mutanen biyu ne. Har suturarsu ta yi kama: gwada 2 Sarakuna 1:8 da Markus 1:6, gashi da ɗamarar fata. Iliya ya tsaya gaban Sarki Ahab da matarsa Yezebel, Yahaya ya tsawata wa Hirudus mai mulkin Galili a kan Hirudiya, matar ɗan'uwansa da ya aura.

Mama Rifkatu: Malam ya kawo gindin maganar. Ƙarina shi ne, kada a tsaya kan wane ne shi a manta me ya yi. Shirya hanyar da Ishaya 40:3 ya ambata, Luka 3:10-14 ya fayyace ta dalla-dalla: mai riga biyu ya ba marar riga ɗaya, masu karɓar haraji kada su ƙara ko anini a kan abin da aka yanka musu, sojoji su daina ƙwace, albashinsu ya ishe su. Akwai kuma haɗarin tsayawa wurin ɗan aike, wato Yahaya. Mutum wajen 12 da Bulus ya tarar a Afisa baftismar Yahaya kaɗai suka sani, ko labarin Ruhu Mai Tsarki ba su ji ba, sai da aka sake yi musu baftisma da sunan Yesu. Yana cikin Ayyukan Manzanni 19.

Fasto Ɗanjuma: Ɗana, wani yaro zai ce maka ai Yahaya Iliya ne aka sake haifa. Kai shi Matiyu 17: an riga an fille kan Yahaya tun sura 14, amma ga Iliya da Musa sun bayyana tare da Yesu a kan dutse, Manzo Bitrus ma ya kira Iliya da sunansa. Sai dai, Malam Istifanus, ba duka masana suka rufe zancen a kan Yahaya ba. Matiyu 17:11 ta ce Iliya zai zo ya maido da kome, wasu na haɗa ta da shaidu biyun Wahayi 11, suna ganin Iliya zai sake dawowa a matsayin ɗaya daga cikinsu. Ni ban cika gamsuwa da wannan ba, gama aya 12 da 13 sun nuna Yahaya ƙarara, amma ka gaya wa matasan ra'ayin yana nan.