Tankin sigarin lantarki ya ƙi daina yoyo

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu gyara. Ina gyaran waya a wani ƙauye kusa da Ringim. Yayana da ke fama ya bar taba ya kawo mini sigarinsa ta lantarki, gilashin tankin da ake zuba ruwan sigarin ya fashe. Na yanko wani bututun gilashi na sa, na canza zoben roba har sau biyu. Amma da rana ta take, sai ruwan ya tsinke ya riƙa tsiyaya ta ramin iska. Audugar da ke tsotsar ruwan a cikin tankin ce ta yi kaɗan, ko bakin gilashin ne bai zauna ba?

Kuma mutane na ta cewa ni na ƙirƙiro wannan gyaran, abin yana damuna, don a Facebook na ga dabarar, shafin ma kwafowa ya yi. Ta yaya zan gano mai ita in ambaci sunansa?