Neman shawara kan ziyarar kurmin Ngel Nyaki a tsaunin Mambila

Ɗan Jos:
Assalamu alaikum. Muna da ƙungiyar masu tattaki da hawan duwatsu a Jos, kuma mun saba da duwatsun Shere, sai wani ɗan'uwa ya kawo shawarar mu leƙa kurmin Ngel Nyaki da ke ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba. Yawancinmu ba mu taɓa jin sunan wurin ba. Don Allah, wanda ya san shi ya yi mana bayanin hanya, da lokacin da ya fi dacewa, da kuma ko za a bar mu mu shiga gaba ɗayanmu, domin mun haura ashirin.

Malamin Gandun Daji:
Wa alaikumus salam. Daga Jalingo za ku bi ta Bali zuwa Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti take, sannan Mayo Selbe, daga nan ne hanya take fara murɗewa tana hawa tsauni. Bayan kun wuce Maisamari, kafin Nguroje, akwai ƙauyen Yelwa, daga can ne ake takawa cikin ciyawa har bakin kurmin. Kada ku yarda dare ya same ku a kan hawan nan, saboda kwanoninsa masu kaifi ne, manyan motoci kuma sukan lalace a tsakiyarsa.

An keɓe wurin tun 1969, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 46, amma kada adadin ya ruɗe ku. Mafi yawansa ciyawar tudu ce, ainihin kurmin kuwa bai fi murabba'in kilomita bakwai da 'yan kai ba, yana maƙale a jikin gangare tsakanin mita 1,400 zuwa 1,600 sama da teku. Akwai tashar bincike a bakinsa, ta aikin da Farfesa Hazel Chapman ta jami'ar Canterbury a New Zealand ta assasa, kuma mutanen Yelwa ne suke yin yawancin aikin cikin kurmin. Ku sanar da tashar da jami'an gandun daji kafin ku taso, ku kuma gaishe da mai gari idan kun sauka.

Game da yawanku, ni ban ba da shawarar mutum ashirin su shiga a lokaci guda ba. Hanyoyin ciki sirara ne, mutum ɗaya suke ɗauka, wasu kuma sun ratsa ta filayen da aka sa wa bishiyoyinsu lamba ana auna girmansu shekara bayan shekara. Ku rabu gida uku ko huɗu, kowane rukuni da ɗan jagoransa.

Maman Hanifa:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah Ya saka da alheri. Abin da zan ƙara shi ne maganar lokaci. Damina a can tana kaiwa daga tsakiyar Afrilu zuwa Oktoba, kuma gangaren yana yin santsin da sai mutum ya kama saiwa yake sauka. A ganina Nuwamba ta fi, domin ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta bushe ba, hazo kuma bai rufe kwaruruka ba. Idan kuka bari sai Fabrairu, za ku tarar an ƙone ciyawa domin sabon tsiro ya fito wa shanu, ku yi ta tafiya cikin toka. Ku zo da rigunan sanyi masu kauri, ko da yake mutanen Jos ba baƙin sanyi ba ne. A cikin kurmin kuma ku cusa ƙafar wando cikin safa, saboda ƙwarƙwasa, wadda idan mutum ya tsaya a kan layinta ba zai ankara ba sai ta kai masa cinya.

Ɗan Jos:
Mun gode, Hajiya. Wasu daga cikinmu birai masu kama da mutum, wato cimfanzi, suka fi ɗokin gani. Ana ganinsu kuwa?

Malamin Gandun Daji:
Suna nan, amma kaɗan ne ƙwarai, kuma suna gudun mutane, saboda haka ka faɗa wa 'yan'uwa kada su sa rai. Abin da ɗan jagora zai iya nuna muku shi ne makwancinsu, rassan da suke lanƙwasawa su haɗa da ganye can saman bishiya, ko kuma sandunan da suke tonon zuma da tururuwa da su. Biran da aka fi gani su ne masu farin tabo a hanci, musamman da sassafe, ga tsuntsayen tsauni da ba a samunsu a ƙasar Hausa.

Na yarda da Hajiya kan Nuwamba, amma idan dole sai da rani za ku zo, to batun wuta ya zama na farko. Gobarar ciyawa da shigar shanu su ne suke cin gefen kurmin, suna kashe ƙananan bishiyoyi kafin su tasa, shi ya sa aka killace wasu wurare da waya ake renon dashe. Ku yi girki a inda aka nuna muku kawai, masu shan sigari su haƙura har a fito, kuma idan kuka buɗe ƙofar shinge ku tabbata na ƙarshenku ya rufe ta.