Na ga 192.168 a cikin imel ɗin ɗan damfara amma ta ƙi nuna garinsa

Mai_Kati:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masana kwamfuta ku taimaka. Jiya da daddare imel ya shigo min wai daga bankina, wai za su rufe asusuna in ban tura BVN da lambobin bayan katina ba cikin awa 24. Ban tura ba alhamdulillah, amma abin ya tsaya min a rai don irinsa ne ya cinye wa maƙwabciyata kuɗin adashinta kaf. Ƙanina ya buɗe min Gmail a kwamfuta ya danna ɗigo ukun nan ya zaɓi "Show original", sai ga rubutu rututu, a ciki na ga 192.168.1.7. Na kwafa na saka a shafin da ke nuna garin da lamba take, ya ce babu. Ɓoye kansa ya yi ne ko ni ce ban iya ba?

Injiniyan_Layi:
Wa alaikumussalam Hajiya. Ba ɓoyewa ya yi ba, lambar ce ta cikin gida. IP ake ce wa irin wannan lamba, wato adireshin na'ura a kan hanyar sadarwa. Tun 1994 aka ware rukuni uku ba sa fita intanet: duk wadda ta fara da 10, da 172.16 har zuwa 172.31, da kuma 192.168. Ki duba wayarki in tana kan wayfai ɗin gida, da wuya ba 192.168 za ki gani ba, ni ma yanzu haka ita ce a tawa. Kamar mutum ne ya ce miki yana ɗaki na 7 bai faɗi gidan ba bare unguwa, to gida nawa ne ke da ɗaki na 7? Rawuta, wato na'urar da ke raba wayfai ɗin, ita ce take musanya ta da lambar waje in saƙo zai fita.

Abin da za ki yi ki nemi layukan da suka fara da "Received". Kowace saba (kwamfutar da ke karɓa da miƙa imel) da saƙon ya ratsa tana ɗora nata layin a sama, don haka daga ƙasa ake karantowa zuwa sama. Ki tsallake lambobin cikin gida, ki nemi ta farko da ba ta cikin rukunan can, ita za ki bincika.

Dan_Birni:
Injiniya ka yi bayani amma bari in ƙara, kar Hajiya ta saki jiki da na ƙasan nan, don ɗan damfara yana iya rubuta su da hannunsa kafin ya tura. Wanda za ki yarda da shi shi ne layin da sabar Google ta rubuta da kanta lokacin da ta karɓi saƙon. Kuma in ta shafin Gmail ya turo ba ma za ki ga lambarsa ba sam, ta Google kawai za ki gani. Ko kin samu ta gaskiya ma kamfanin layi za ta nuna miki ba ƙofar gidansa ba, ni ina Kano amma sau da yawa in na duba tawa Legas take nunawa, ga shi mutane da yawa ne ke raba lamba ɗaya a layin waya. Kamfanin ne kaɗai ya san wa ke riƙe da ita a wannan mintin, su kuma sai hukuma ta nema. Ni a ganina ki bar farautar gari, ki duba saman shafin wajen SPF da DKIM (gwaje-gwajen da ke nuna ko da gaske saƙon ya fito daga inda ya ce ya fito), sannan ki nemi "Reply-To".

Mai_Kati:
Kai Allah ya saka da alheri, na koma na duba. SPF ɗin FAIL ya rubuta, kuma adireshin mayar da amsa wani daban ne can mai lambobi barkatai, ko sunan bankin babu a jiki. Gobe in sha Allah zan buga takardar in kai musu reshe, zan tafi da maƙwabciyar tawa ma don nata imel ɗin yana nan ba ta goge ba.