Billy ko Soukaphone, wa ya fi a tarihin ƙwallon Laos?

Auwal: Ni dai ina nan kan bakana, Billy Ketkeophomphone shi ne ɗan ƙwallon da ya fi kowa a tarihin Laos. Ya taka leda a Strasbourg, ya je Sion ta Suwizalan, ya dawo Tours, sannan 2015 Angers ta ɗauke shi ya buga Ligue 1, babban rukunin Faransa, a kakar nan suka ƙare na 9 alhali yanzu suka hauro. Wa kuke da shi kamarsa?

Malam Nura: Auwal ƙanena, ba wanda ya ce bai iya ba. Amma a Faransa aka haife shi 1990, can ya koyi ƙwallon, can ya ci ƙuruciyarsa, sai Disamba 2021 ya fara sa rigar Laos yana ɗan shekara 31 bayan gwiwa ta riga ta ba shi wahala. Faransa ce ta mori ƙarfinsa.

Auwal: To Malam laifinsa ne? Ai jinin Laos ne, iyayensa 'yan can ne.

Sadiya: Ba maganar laifi ake ba Yaya Auwal, maganar aiki ake. Gasar AFF ta ƙasashen kudu maso gabashin Asiya da Billy ya zo, wadda aka buga a Singafo, Vietnam ta ci su 2-0, Malesiya 4-0, Indonesiya 5-1, Kambodiya ma 3-0. Ƙwallo ɗaya tal suka jefa kuma ba shi ya ci ba. Ni wlh wasan Vietnam ya tsaya min a rai, yana gaba shi kaɗai yana ɗaga hannu a ba shi, ƙwallon ko tsakiyar fili ba ta ƙetarowa.

Auwal: Kin ga kin ba ni hujja da bakinki. Mutum ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ba a kawo masa ba me zai ci?

Malam Nura: Shi ya sa na ce Soukaphone Vongchiengkham. Ɗan gida ne, tun yana yaro yake cikin tawagar, gajere mai yanka har ana ce masa Messin Laos, ya yi shekaru yana neman abinci a kulob-kulob na Tailan kuma duk lokacin da aka kira shi yana zuwa, a ci su ya dawo, a sake cin su ya sake dawowa, har ya ɗaura kyaftin. Wannan shi ne ɗan ƙasa a wurina.

Bashir: Malam ka yi haƙuri, yawancin wasansa a Tailan ba a babban rukuni ba ne fa. Ba za ka haɗa da wanda ya kara da PSG ba.

Sadiya: Bashir to ka raba tambayar biyu mana. Wa ya kai matsayi mafi girma, Billy ne ba musu. Wa Laos ta fi mora, Soukaphone. Kamar Lookman ne, da ya zo mana Super Eagles yana 31 ba 24 ba, da ba mu ga abin da muka gani ba.

Auwal: Na yarda da rabin maganarki. Amma "ya fi kowa" na ce, ban ce "ya fi daɗewa" ba.

Malam Nura: To ka duba Disamba 2024, yaran gida suka yi 3-3 da Indonesiya har cikin gidanta a Solo, babu Billy a fili. Waɗannan yaran Soukaphone suka taso suna kallo a Vientiane, ba Angers ba.

Auwal: Wannan wasan kam na kalle shi har ƙarshe Malam. Amma ban janye ba.